Filin Gwaggo: Kafin A Wanke Tsohuwar Waya

Wasiƙun wannan karon yawancinsu daga Adar suka fito, musamman Badagishiri da garuruwan da ke kan hanyar Ƙonni zuwa Tawa, kuma kukansu ɗaya ne: tsohuwar na'ura ta yi gardama. Ga waɗanda wuri ya ɗauka.

Wayar ce ko mijin?

Gwaggo, ina gaishe ki da aiki. Ni matar aure ce a Badagishiri, ƴaƴana uku. Maigidana yana Abijan wajen bida, sai shekara-shekara yake zuwa. Ya bar mini tsohuwar wayarsa, Samsung Galaxy S3, da ita muke aika wa juna murya ta WhatsApp. To ta daɗe da daina yi, yanzu sai dai ya kira ni kai tsaye, kafin mu gama gaisawa kuɗi sun ƙare. Na kai wa mai gyara ranar kasuwa, ya ce sai an yi mata filashin, har ya karɓi jaka biyu kafin alƙalami. Amma ban bar masa ita ba, don akwai muryar mahaifiyata marigayiya a ciki. Abin da ya fi damuna, faccalata ta ce babu wata lalacewa, toshe ni ya yi saboda ya yi sabon aure a can. Gwaggo, wayar ce ko mijin?

Ɗiyarki a Badagishiri

Ɗiyata, Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya yi miki albarka da kika riƙe wayarki kika komo gida da ita.

Wayar ce. Wanda ya toshe ki ba zai riƙa ƙona kuɗinsa yana kiranki daga Abijan ba. Toshewa ma tana da kamanninta: WhatsApp ya buɗe lafiya lau, ki aika saƙo ya tsaya da ƴar alama ɗaya ya ƙi zama biyu, hoton mutumin ya ɓace. Naki kuwa ko shiga ba ya bari ki yi. Dalili, Galaxy S3 a 2012 ta fito, kuma Android ɗin da Samsung ta ba ta bai wuce 4.3 ko 4.4 ba. Tun ranar 24 ga Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a duk wayar da Android ɗinta bai kai 5.0 ba. Ba ke kaɗai aka yi wa haka ba: masu Nokia Asha an sallame su a ƙarshen 2018, masu Windows Phone a ƙarshen 2019, masu iPhone 6 a 2025. Ki shiga Paramètres, ki gangara can ƙasa wurin À propos, za ki ga lambar da idonki.

Filashin ɗin da aka ce za a yi mata, share duk abin da ke cikinta ne a sake zuba mata tsarin da ta zo da shi. Za ki karɓo ta fes, babu muryar Inna, babu hotunan yara, kuma WhatsApp ɗin bai dawo ba, tunda lambar Android tana nan inda take. Akwai gwanaye masu iya ɗora wa S3 sabon tsari wanda ba na Samsung ba, amma shi ma sai an share komai, kuma wayar ba ta da ƙarfin ɗaukarsa, sai ta yi ta jan ƙafa. Wannan ba aikin tebur ba ne ranar kasuwar Alhamis, mutane ashirin na tsaye a kan mai gyara. Idan kuma wani ya ce zai tura miki GB WhatsApp, ki ce kin gode. Ba na kamfanin ba ne, ana rufe lambar mutum saboda shi, kuma ba ki san inda hirarki da mijinki take biyawa ba.

Ga abin da za ki yi tun kafin batirin ya yanke miki hukunci. Ki nemi mai kwamfuta wanda kika yarda da shi, ki tafi da ƙafarki, ki zauna a gefensa har ya gama. Na nanata wannan ne saboda wayar mace ba abin barin kwana a shago ba ce, hotunan mata da yawa ta nan suka fita duniya. A jona wayar da igiyar caji, a buɗe ma'ajiyarta, a nemi foldar da aka rubuta WhatsApp. A cikinta akwai Media, a cikin Media akwai WhatsApp Voice Notes da WhatsApp Images. A kwafe foldar ɗungurungum, a haɗa da DCIM inda hotunan kyamara suke. A zuba a katin memori biyu, ɗaya a wurinki, ɗaya a wurin wata ƴar'uwarki, sannan ki sa ya goge na kan kwamfutarsa kina kallo. Sunayen muryoyin suna ƙarewa da .opus, wasu ƙananan wayoyi ba sa karanta irinsa. Kada ki firgita ki ce sun lalace. Manhajar VLC, wadda kyauta ce, tana buɗe su.

Layinki kuma ki riƙe shi da kyau, ki riƙa sa masa kuɗi ko kaɗan ne, don layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani kan karɓe lambar ya ba wani. WhatsApp yakan goge asusun da ya yi kwana 120 ba a shiga ba, saboda haka mai yiwuwa naki ya tafi, amma muddin lambar na hannunki za ki sake buɗe wani a sabuwar waya.

Shi kuma maigidan, ki faɗa masa kai tsaye cewa wayar ta tsufa, kina bukatar wata. Gab da damina ƴan bida suna kwararowa gida, ba a rasa ɗan gari da zai riƙo miki. Ko ya aiko da kuɗi ta Nita ko Amana ki saya a Ƙonni ko Tawa. A ganina kada ki karɓi wadda Android ɗinta ya gaza 10, ko da an ce miki ai iri ɗaya ne. Tsohuwar kuwa kada ki yar, ki cika mata kati da karatun Alƙur'ani yara su riƙa bi, wannan ba ya son intanet. Batun sabon aure, idan zuciyarki ta ƙi kwanciya ki tambaye shi da bakinki, shi ne mai amsar. Faccala dai ba ta taɓa zuwa Abijan ba. Jaka biyun nan kuma ki je ki karɓo abinki, ba a yi aikin ba.

Akwatin Baba

Gwaggo, mahaifinmu ya rasu wata huɗu da suka wuce. Ya yi shekaru yana aiki da wani furoje kafin ya koma harkar dabbobi a kasuwar Badagishiri. A akwatinsa mun sami wata ƴar kwamfutar hannu da aka rubuta HP iPAQ, da ɗan tsinkenta na rubutu. Yayana ya ce ya sha ganin Baba yana rubuta bashin da yake bi da wanda ake binsa a cikinta. Na jona caji ba ta motsa ba. Ƴan'uwa sun matsa a raba gado, wasu har sun fara cewa tunda ni na ɗauke ta, wani abu nake ɓoyewa.

Ɗanki daga wajen Illela

Ɗana, Allah ya gafarta wa Baba, ya ba ku haƙurin juna. Zan fara da abin da ba ka tambaya ba: daga yau kada ka ƙara taɓa na'urar nan kai kaɗai. Duk abin da zan lissafa, a yi shi a gaban yayanka da wani dattijo na dangi. Idan an buɗe an tarar babu komai, kana bukatar shaidun da za su ce haka aka same ta.

Kuma akwai yiwuwar a tarar babu komai ɗin. Irin waɗannan na'urori su ne kakannin wayoyin da muke shafawa yau. Palm Pilot ta fito a 1996, kamfanin Compaq ya fito da iPAQ a 2000, HP ta gaje ta da suka haɗe a 2002. Na farko-farkon suna da wani hali: abin da aka rubuta a cikin injin kamar hadda yake a ka, yana nan muddin akwai rai, abin da aka sa a kati kuwa kamar rubutu ne a takarda. Ran nasu shi ne batir. Akwai babba, akwai wani ɗan ƙarami a ciki mai riƙe bayanai na ɗan lokaci idan an cire babban. Duka biyun suka mutu, bayanan sun bi su. Sai a 2005, da Microsoft ta fito da Windows Mobile 5, aka koma ajiya mai zama ko babu wuta. Don haka ku duba lambar samfurin a bayanta ko a ƙarƙashin batir. Irin su h2210 da h5550 tsofaffin ne, irin su hx2490 da rx1950 masu Windows Mobile 5 ne, su akwai kyakkyawan fata a kansu.

Kafin ku yi ta fama da caji, ku duba samanta, akwai ƴar kafa ta katin SD, wasu ma har da ta babban kati CompactFlash. Idan akwai kati, ku danna shi a hankali ya fito. A gefen katin SD akwai ɗan maɓalli, ku ja shi ƙasa ya kulle don kada a goge wani abu bisa kuskure, sannan a karanta shi a kwamfuta. Idan kwamfutar ta ce a yi masa formatin, amsar ita ce a'a. Fayil mai ƙarewa da .pxl lissafi ne na Pocket Excel, mai ƙarewa da .psw rubutu ne na Pocket Word. Mai sayen dabbobi a cikin waɗannan biyun zai ajiye bashi.

Bayan haka sai injin. Batirin da ya yi shekaru a kwance ba ya farkawa cikin minti goma. In dai bai kumbura ba, ku jona ta da cajarta ta asali a inuwa, ku ba ta awoyi kuna leƙawa, da kun ji ta ɗauki zafi ku cire. Akwai wani ɗan rami a jikinta da ake sa bakin tsinken a danna sau ɗaya, wannan tashe ta kawai yake yi, ba ya share komai. Abin gudu shi ne danne wasu maɓallai tare da ramin a lokaci guda, wanda masu gyara kan gwada da sauri. Shi ne yake mayar da ita kamar ranar da aka sayo ta. Idan Allah ya sa ta haska, kada ku tsaya murna. Ku ɗauki wata wayar ku yi ta ɗaukar hoton fuskarta shafi bayan shafi, don ba ku san ko za ta sake tashi ba. Ko da ta tashi wayam, ku leƙa foldar da ake kira iPAQ File Store, ita ba ta gogewa da mutuwar batir, mai yiwuwa Baba ya ajiye wani abu a can. In za ku kwafe a kati, ku nemi ƙarami wanda bai wuce giga 2 ba, yawancin waɗannan tsofaffin ba sa ganin wanda ya fi haka. Fuskar kuma da tsinkenta ake taɓa ta, ba da biro ko ƙusa ba.

To in duk an yi ba a samu ba fa? Bashin Baba bai mutu da batir ba. Malamai za su gaya muku sai an biya bashi an zartar da wasiyya kafin a raba gado. Kasuwar dabbobi kuwa ba a ciniki a ɓoye, kowace saniya da dillalinta. Ku je ranar Alhamis ku sami dillalan da ya yi hulɗa da su, a yi sanarwa a masallaci, a ba mutane lokaci. Mai bin Baba zai zo da kansa. Wanda Baba ke bi ne za ku sha wahalar nema, shi ya sa dillalan suka fi na'urar amfani a gare ku.

Marfi ya ƙi rufuwa

Hajiya, ni ɗan kasuwar albasa ne tsakanin Galmi da Malbaza. Ƴar Nokia ɗina ta fi shekara goma a hannuna, duk lambobin abokan cinikina suna cikinta. Kwanan nan marfin baya ya ƙi rufuwa sai na ɗaure da roba, kuma tana ɗaukewa ana tsakiyar magana. Yara sun ce in yar in sayi babba. Ni kuwa ba na so.

Mai karanta filinki a Malbaza

Alhaji, ina bayanka a kan ƙin yar da ita, amma a cire robar nan yau. Batirin ne ya kumbura, iska ce ta taru a cikinsa, kuma matse shi na iya sa ya kama wuta a aljihu. A ɗora shi a kan tebur a juya shi da yatsa, in ya yi ta juyawa a kan cikinsa to ya gama aiki. Kada a huda shi da allura wai a sace iskar, kada a jefa shi a juji inda ake cinna wuta ko inda yara ke tsince-tsince. A sa shi a gwangwani da yashi, a ajiye nesa da ɗaki.

Zafi ne ke kashe su. Masu ƙera wayoyi da yawa suna cewa kada a yi aiki da su a zafin da ya haura digiri 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce 40. Wayar da aka bari a gaban mota, ko aka tara da wasu hamsin ana caji a ƙarƙashin rufin kwano, tana tsufa da wuri. Tun lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a Agusta 2023 mutane suka ƙara sabawa da caji a duk inda aka samu, janareto ne ko sola, da kowace irin caja. A cire da zarar ta cika, a kuma nemi inuwa.

Sa'ar da aka yi, batirin irin waɗannan Nokia, mai lamba BL-5C ko ɗan'uwansa, yana ko'ina a kasuwa. A duba lambar da ke jikin tsohon a sayi daidai ita. In caji yana shiga yana fita, sau da yawa ƙurar hunturu ce ta cushe kafar, a kashe wayar a sakace da tsinken itace, ban da allura. Lambobin kuma, Alhaji, a sa yaro ya kwafe su a kan sim, ya kuma rubuta su a littafi. Jarin ba albasar kaɗai ba ce.

Shekarar 1970

Gwaggo, tablet ɗin da yayata ta ba ni don karatu tana kama intanet amma kowane shafi sai ta ce babu tsaro. Kuma katin memori mai giga 64 da na saya ta ƙi ganinsa.

Ɗaliba a Birnin Ƙonni

Ɗiyata, duba kwanan watan da take nunawa. Tsohuwar na'ura in batirinta ya ƙare ƙaf takan koma can baya, wasu har 1 ga Janairu 1970, ranar da agogon irin wannan tsarin yake fara ƙirga. Shafukan intanet suna da takardar shaida mai wa'adi, in agogonki ya kauce sai ta ɗauka duk na bogi ne. Gyara rana da lokaci, yawanci shi ke nan. In kin gyara wasu shafukan sun ci gaba da ƙi, tsufan tsarin ne, sai ki sauko da littattafanki ta wata wayar ki turo su ta Bluetooth ko Xender.

Katin kuma, tsofaffi da yawa iyakarsu giga 32. Sannan kasuwa cike take da na jabu, a rubuta 64 alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, sai kin cika shi ki tarar rabin abin ya ƙi buɗewa. Sayi 16 ko 32 a wurin wanda za ki iya komawa ki same shi.

Arha

Gwaggo, na sayi Tecno ta hannu a wurin wani a tasha, da arha sosai. Da na yi mata riset sai ta ce in sa adireshin Google na mai ita na farko. Wanda ya sayar mini ba ya ɗaukar kira. Abokaina sun ce akwai mai cire wannan a Sakkwato.

Ɗan kabu-kabu a Tsarnawa

Ɗana, wannan makullin da gangan aka sa shi. Tun Android 5.1, a 2015, Google ta tsara cewa wayar da aka share ba tare da mai ita ya fitar da asusunsa ba sai ta nemi shi, don ɓarawo ya rasa riba. Ban ce mutuminka ɓarawo ne ba, wasu mantawa suke yi. Amma ga arha, ga tasha, ga kira ba a ɗauka, kai ma ka haɗa lissafin. Ba zan nuna maka hanyar cirewa ba. Kowace waya tana da lambar IMEI mai alƙaluma 15 wadda filashin ba ya canzawa, kuma in mai ita ya kai ƙara, wanda aka samu da ita a hannu shi zai fara amsa tambaya. Ka sami shugaban tashar ka gaya masa yadda aka yi, a nemo mai sayarwar ya buɗe ta a gabanka ko ya maido maka kuɗinka. In ya ɓace, ka kai ta wurin hukuma da shaidarka. Gaba in za ka sayi ta hannu, ka danna *#06# ka gwada lambar da ta jikin kwalin, ka kuma sa mai ita ya fitar da asusunsa kana tsaye kafin kuɗi su bar aljihunka.

Masu rubuto mini a kan na'ura, don Allah ku riƙa faɗin sunanta da lambar samfurinta da abin da ya faru kafin ta tsaya, ko faɗuwa ta yi, ko ruwa ta sha, ko a wurin caji aka karɓo ta haka. Lambar sirrinku kuwa kada ku aiko mini, kada ku ba kowa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.